Tambaya da Amsa: Ina Ƙarfin Anime ɗin 'Yan Biyar, Ina Rauninsa?

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan fili kwanan nan a kan shirin anime ɗaya suke, wato katun na Japan, mai suna Go-Toubun no Hanayome, wanda aka fi samu a intanet da sunan The Quintessential Quintuplets. Tambaya ta ƙarshe tana tona wadda ta zama amarya, saboda haka wanda bai gama kallo ba ya dakata kafin ya kai can.

Assalamu alaikum. Abokaina sun ishe ni da zancen wani anime na 'yan mata biyar da malamin lesinsu. Na kalli irin waɗannan labarai da 'yan mata da yawa ke son saurayi ɗaya, na gaji da su. Wannan yana da wani bambanci, ko duk kanwar ja ce? — Wani mai karatu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kayan ginin iri ɗaya ne, amma tsarin ya bambanta. Asalinsa manga ne, wato labarin zane na Japan da ake bugawa a takarda, na marubuci Negi Haruba, kuma ya riƙa fitowa mako-mako a mujallar Weekly Shonen Magazine ta kamfanin Kodansha daga 2017 zuwa 2020, babi 122 a kundi 14. Futaro Uesugi haziƙin ɗalibin babbar sakandare ne, bashi ya yi wa gidansu katutu, sai aka ba shi aikin lesin da albashi ninki biyar na abin da aka saba biya. Ɗalibansa 'yan biyar ne na gidan Nakano: Ichika, Nino, Miku, Yotsuba da Itsuki. A gwajin farko da ya yi musu, sai da aka haɗa makinsu su biyar sannan ya kai 100.

Abin da ya fi gajiyar da mai kallo a labaran harem, wato waɗanda 'yan mata da yawa ke son saurayi ɗaya, shi ne ja da tsawo ba tare da an san inda aka dosa ba. Wani manga irin wannan mai suna Nisekoi ya ci babi 229 yana juya zancen makulli da alkawarin yarinta, kuma anime ɗinsa ya tsaya bai kai ƙarshen labarin ba. A nan kuwa da ranar aure aka buɗe labarin. An nuna maka Futaro ango, an gaya maka amaryar ɗaya ce cikin biyar ɗin nan, an ɓoye maka wacce ce. Tun daga lokacin ka zama mai bincike, kowace kalma da kowane kallo kana auna su.

Haka kuma akwai dalilin da ya haɗa su. Ba farin jini ya jawo masa su ba. Huɗu daga cikinsu ma gudunsa suke yi da farko, Nino har maganin barci ta zuba masa a ruwa don a fitar da shi daga gidan. Aiki ne ya tilasta zaman, kuma aikin yana da ma'auni: duk darasin da aka ci ƙasa da maki 30 an faɗi. Da mahaifinsu ya gindaya sharaɗin cewa idan ɗaya ta faɗi a jarrabawar tsakiyar zango za a sallami malamin, sakamako ya fito kowacce darasi ɗaya kacal ta tsallake. Ichika lissafi, Nino Turanci, Miku nazarin zamantakewa, Yotsuba harshen Japan, Itsuki kimiyya. Nino, wadda ta fi kowa ƙinsa, ita ta gaya wa uban a waya cewa su biyar sun tsallake darussa biyar, maganar da gaskiya ce a baki amma an lanƙwasa ta. Daga wannan sakamakon Futaro ya samo dabarar da ta fisshe su daga baya, wato kowacce ta koyar da 'yan'uwanta darasin da ta fi iyawa. Wannan rubutu ne mai kyau, domin abin dariya, halin mutum da ci gaban labari duk sun fito daga abu guda.

Babban ƙarfinsa dai shi ne kishiyoyin ciki ɗaya suka fito. Wadda ta yi nasara 'yar'uwarta ta kayar, kuma da dare tebur ɗaya za su ci abinci. Lokacin da Ichika ta yi shigar Miku ta yaudari Futaro don ta share wa kanta hanya, abin ya yi ciwo fiye da yadda zai yi a ce baƙuwa ce ta aikata.

Ta ina zan fara, kuma me ya sa na ji ana cewa zango na biyu gudu yake yi? — Wani mai karatu

Ka bi wannan jerin, Malam: zango na ɗaya na 2019, kashi 12, aikin Tezuka Productions, zango na biyu na 2021, kashi 12, aikin Bibury Animation Studios, sai shiri na musamman na 2023 da kamfanin Shaft ya yi, sannan fim ɗin 2022. Na musamman ɗin ya fito bayan fim, amma abin da ke cikinsa, babukan hutun bazara da aka tsallake, kafin bikin makarantar da ke cikin fim ya faru. Wanda ya kalle shi kafin fim zai fi gane inda zuciyar kowacce take.

Zancen gudu kuwa lissafi ne. Kowane kashi minti 24 ne, ka cire waƙar buɗewa da ta rufewa, kowacce minti ɗaya da rabi, saura wajen minti 21. Zango na ɗaya ya ɗauki kimanin kundi 4, ke nan kowane kundi ya sami kusan awa guda. Zango na biyu ya ɗauki kimanin kundi 6 a daidai wannan lokacin, kowane kundi ya koma wajen minti 40. Fim ɗin kuma aka ɗora masa ragowar a cikin awa biyu da 'yan mintoci. Idan lokaci ya ƙure, darakta ba ya yanke manyan wurare irin furta soyayya ko faɗa, domin su ake jira. Ƙananan yake yankewa: hirar hanya, zaman karatu, shirun da ke biyo bayan magana mai nauyi. Su kuwa waɗannan ne ke sa babban wuri ya yi tasiri. Shi ya sa sauyin Ichika daga babbar yaya mai haƙuri zuwa mai makirci ya zo wa wasu kamar daga sama a anime, alhali a manga ana ganin yadda abin ke cin ta a hankali.

Ta fuskar zane abin ya juye. Zango na ɗaya ya fi natsuwa a labari, amma fuskoki kan karkace, musamman idan an ɗauko mutum daga nesa. Na biyu ya fi tsabtar zane da laushin launi, ya fi kusa da hannun Haruba. Babu zangon da ya haɗa duka biyun.

Ni abin da ya ɗaure min kai, gashin kowacce launinsa daban, muryarta daban, amma wai saurayin ba ya iya bambanta su. Wannan ba raina hankalin mai kallo ba ne? — Wata mai karatu

'Yar'uwa, kin taɓo gurbin da anime ya gaza manga. A cikin duniyar labarin, fuskarsu da jikinsu iri ɗaya ne sak, ana gane su ne da salon gashi da kayan ado: gajeren gashin Ichika, ribom masu siffar malam-buɗe-littafi na Nino, hedifon ɗin da ke wuyan Miku, koren ribom ɗin Yotsuba, taurarin da ke gashin Itsuki. Manga baƙi da fari ne kuma babu sauti, don haka idan ɗaya ta sa hular gashi ta yi shigar wata, mai karatu ma yana iya ruɗewa tare da Futaro. Anime kuwa dole ya sa launi, dole ya ɗauki masu ɗora murya biyar: Kana Hanazawa, Ayana Taketatsu, Miku Ito, Ayane Sakura da Inori Minase. Kowacce muryarta sananniya ce, sai kunnen mai kallo ya riga jarumin gane gaskiya, shi kuma ya fito kamar maras lura.

Duk da haka dabarar ba ta banza ba ce. A masaukin ruwan ɗumi na kakansu, inda duka biyar suka yi shigar Itsuki, labarin ya kafa ƙa'idarsa cewa da ƙauna ake bambanta su. Da Futaro ya gane Miku a cikin wannan shigar, an nuna mana ya daina ganinsu a matsayin aiki guda mai kai biyar. Wurin yana cikin mafi kyau a shirin gaba ɗaya.

Ƙanwata 'yar shekara 12 tana son kallo. Ya dace da ita? Kuma shin duka biyar ɗin zai aura? — Wata mai karatu

Ɗaya zai aura, Malama. Dokar Japan ba ta yarda da auren mace fiye da ɗaya ba, kuma labarin a kan zaɓen mutum guda aka gina shi. Game da ƙanwarki, shirin don samari da 'yan mata da suka tasa aka yi shi, a Japan ma da tsakar dare tashar TBS ta riƙa nuna shi. Bai kai irin su To Love Ru nuna tsiraici ba ko kusa, amma akwai wuraren wanka da tawul, kayan ninƙaya, sumba, da zuba maganin barci har sau biyu da aka mayar abin wasa ba tare da wani hukunci ba. Shawararmu, 'yar shekara 12 ta jira tukuna.

Na gama fim ɗin raina a ɓace. Miku da Nino sun yi ta faɗi-tashi, ƙarshe aka ba wa Yotsuba. Marubucin ya yi adalci kuwa? — Wani mai karatu

Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ba ne, kuma ɓacin ranka yana da tushe, kodayake ba mu ganin zaɓen Yotsuba shi ne kuskuren.

Idan ka koma farko za ka ga an shuka ta da gangan. Ita kaɗai ta karɓi lesin tun ranar farko. A zango na ɗaya ta gaya masa tana son sa, nan take ta ce wasa take yi. Ita ce yarinyar da ya haɗu da ita a Kyoto shekara 5 kafin labarin, wadda ta sa ya rungumi karatu. Dalilin ɓoye kanta ma yana da ƙarfi: ita ce ta faɗi a tsohuwar makarantarsu, 'yan'uwanta huɗu suka bar makarantar suka bi ta, tun daga nan take ganin ba ta da haƙƙin neman wani abu don kanta. Yarinyar da ke fara'a tana taya kowa aiki don tana jin bashi a wuyanta, wannan hali ne da aka rubuta da tausayi, kuma yana taɓa zuciya.

Matsalar tana wajen Futaro. Domin a kare sirrin amarya har ƙarshe, sai marubucin ya kulle mana zuciyar jarumin. Muna jin tunaninsa a kan jarrabawa, a kan kuɗi, a kan ƙanwarsa Raiha, amma da zarar an zo kan wadda yake so sai a ja labule. Labarin bincike yana bukatar ɓoyewa, labarin soyayya kuwa yana bukatar a ga so yana girma. Haruba ya ɗauki biyun a hannu ɗaya, da suka yi karo ya fifita binciken. Sakamakon haka, mun ga Miku ta tashi daga mai sunkuyar da kai, mai ɓoye sha'awarta ga jaruman yaƙin zamanin Sengoku na tarihin Japan irin su Takeda Shingen, ta koyi gasa burodi, ta iya buɗe baki ta faɗi abin da ke ranta. Mun ga Nino ta yanke gashinta ta rabu da riƙon da take wa rayuwar baya, ta furta soyayya a kan babur, iska ta hana shi ji, ta maimaita masa ido da ido. Su mun bi su taki-taki. Yotsuba kuwa yawancin hujjarta a baya take, aka juye mana ita a dunƙule dab da ƙarshe. Mai kallo ya zuba zuciyarsa inda aka nuna masa motsi, sai aka ce masa amsar tana inda aka yi shiru.

Fim ɗin ya ƙara tsananta abin. An maimaita kwana 3 na bikin makaranta ta idon kowace yarinya, tsari mai kyau a takarda, amma ya cinye mafi yawan lokacin. Bayan Futaro ya zaɓa, zaman da ya kamata a gani tsakaninsa da Yotsuba a matsayin masoya kaɗan ne ƙwarai, ya nemi aurenta tun a fitarsu ta farko, sai ga mu a wajen biki bayan shekara 5. Ita ma Yotsuba an tauye ta a nan, domin ba a ba ta filin da za ta gamsar da masoyan sauran ba.

Wasu marubutan sun kauce wa wannan rigimar ta wata hanya. Taishi Tsutsui, mai We Never Learn, ya rubuta wa kowace yarinya nata ƙarshen daban a manga. Kowa ya sami rabonsa, amma zaɓin ya rasa nauyi, tunda babu wadda ta yi rashi da gaske. Mu mun fi son hanyar Haruba duk da gibinta. Abin da ya rage masa bai wuce babi huɗu ko biyar a tsakiyar labarin ba, inda za a bar Futaro da Yotsuba su kaɗai, a bar mu mu ji abin da yake ji ko da bai ambaci suna ba. Fitar da suka yi tare a zango na biyu, wadda ta ƙare a kan lilo a wani filin wasa da dare, ta nuna marubucin ya iya irin wannan rubutun sarai, sai dai bai yawaita shi ba.