Amsa: Jiri da raguwar bugun zuciya a azumin awa 16

Ɗan'uwa, ka ce agogon hannunka na nuna bugu 48 a minti tun da ka fara azumin awa 16, kuma jiri na ɗibarka in ka miƙe. Ga baligi a zaune, 60 zuwa 100 ne daidai. 'Yan tsere kan yi ƙasa da haka lafiya ƙalau, amma su ba sa jin jiri. Jirin nan shi ya fi damuna.

Sau da yawa ƙarancin ruwa da gishiri ne ke sa awon jini ya yi ƙasa, har jiri ya ɗebi mutum. Maganin hawan jini irin atenolol kuwa yana rage bugu, amma in kana shan sa kada ka daina da kanka. Ka dakata da azumin tukuna, likita ya yi maka ECG, wato gwajin bugun zuciya da na'ura. In ka suma ko ƙirji ya riƙe, asibiti nan take.