Tambayi likita: mantuwar tsofaffi, makyarkyata da maganin da ba ya isa ƙwaƙwalwa

Wata baiwar Allah daga Bagalam ta ce: Likita, tsohuwarmu mantuwa ta yi mata yawa, har jikokinta ba ta ganewa, an ce kumburin ƙwaƙwalwa ne, in riƙa ba ta ibuprofen?

A'a Hajiya, don Allah kar ki fara. Gaskiya ne a ciwon Alzheimer, wato ciwon mantuwar tsofaffi, akwai kumburi, amma ba irin na sanƙarau ba ne mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Wasu ƙwayoyin halitta ne masu share dattin ƙwaƙwalwa, maikirogiliya, suke wuce gona da iri har su riƙa lahanta lafiyayyun jijiyoyi a hankali shekara da shekaru. An gwada magungunan dangin ibuprofen a Amurka, ba su hana ciwon ba, kuma ga tsoho sai su jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Ki kai ta asibiti a auna hawan jini da suga tukuna.

Wani ɗan'uwa daga Tibiri: Baba yana da makyarkyata, Parkinson, yana shan levodopa amma wani lokacin kamar bai sha ba.

To Malam, tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge, kamar duwan ɗin Ɗan Isa ne, ba kowane kaya ke wucewa ba. Sinadarin da Baba ya rasa, dopamin, ba ya iya ƙetarawa, shi ya sa ake ba da levodopa, ita tana shiga sai ƙwaƙwalwa ta mayar da ita dopamin. Matsalar dai ƙofa ɗaya take bi da sinadaran nama da wake da nono, in ya sha ta kan tsire ko fura da nono sai su yi ta cunkoso. Ya riƙa shan ta minti 30 kafin abinci. In yana tashin zuciya kar a saya mishi metoclopramide wajen masu talla, tana ƙara ciwon makyarkyatar, a koma wa likitan da ya rubuta ordinansi.

Wani kuma ya ce ya gani a WhatsApp an samo allurar warkar da mantuwa.

Lecanemab ce, Amurka ta amince da ita a 2023, ta jijiyar jini ake sa ta duk sati biyu. Ba ta warkarwa fa, tana rage saurin lalacewar da kusan kashi 27 cikin ɗari a wata 18, ga masu farkon ciwo kawai, kuma ɗan kaɗan ne daga cikinta ke ratsa shingen nan. Ita kanta tana iya kumbura ƙwaƙwalwa, dole a riƙa ɗaukar hoton kai akai-akai. Duk wanda ya ce yana da ita a kasuwa, ku riƙe kuɗinku.