Mastar muhalli ko ta tafiyar da asibiti: wacce zan kama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata shida ina aiki a wata CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, a nan Maradi, kuma ina da lisans. Ina so in yi mastar amma raina ya rabu biyu. Duk damina ɗakin jiranmu cika yake yi da yara masu gudawa da zazzaɓi, kuma na san daga ruwa da shara abin yake tasowa, shi ya sa karatun kula da muhalli yake jan hankalina. Yayana kuma ya ce in yi na tafiyar da asibiti. Ko za a iya haɗa su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴata. Taura biyu ba ta taunuwa. Mastar shekara biyu ce bayan shekara uku na lisans, kuma zangon ƙarshe kusan gaba ɗaya na koyon aiki ne da rubuta kundin bincike. Ga mai aiki da iyali, guda ɗaya ma ta isa wahala. Shawarata, ki bi maganar yayanki, sannan ki shigo da muhallin ta ƙofar kundinki.

Mastar muhalli tana tsaye ne a kan ilimin ƙasa, ruwa, tsirrai da zanen taswira a kwamfuta. A Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan garin, tsangayar noma da kimiyyar muhalli ce ke riƙe da wannan fanni, kuma yawancin masu shiga daga noma ko kimiyyar halittu suke fitowa. Idan sun gama, aikinsu yana wajen gandun daji, farfaɗo da ƙasar da ta mutu, ko binciken illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a soma shi, wanda dokar 2018 ta tsara kuma BNEE, ofishin ƙasa mai tantance illa ga muhalli, yake dubawa. Fanni ne mai daraja a jiharmu. A nan aka yaɗa sassaben zamani tun shekarun 1980, manoma suka riƙa barin tohon gawo da kalgo a gonakinsu maimakon sarewa, har aka ƙiyasta fiye da hekta miliyan biyar sun sake yin itace a Nijar, galibi tsakanin Maradi da Damagaram. Amma ke idan kika shiga can, shekarunki shida na aiki ba za su ƙara miki maki ba. Za ki zauna aji ɗaya da yaran da suka riga ki shekara uku a fannin, ki fito ki yi takarar aiki da su.

A ɓangaren tafiyar da asibiti kuwa, abin da za a koya miki rabinsa kin riga kin taɓa shi da hannunki. Kin san ranar da magani ke yankewa a kantin CSI. Kin san rigimar majo, wato shugaban CSI, da kwamitin kula da kuɗi. Kin san cewa tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, kuma kin ga yadda akwatin asibiti ke bushewa idan kuɗin da gwamnati za ta mayar ya yi jinkiri. Karatun zai ba ki sauran rabin: tsara kasafi, lissafin kuɗi, dokar sayen kaya, tafiyar da ma'aikata, da karanta alƙaluman da kike cikawa duk ƙarshen wata ba tare da kowa ya gaya miki inda suke zuwa ba.

Bari in ba ki labarin abin da ya sauya mini tunani. Shekarun baya na je duba wani asibiti, ba zan faɗi wanne ba. Bayan ɗakin haihuwa akwai murhun ƙona shara na bulo, bakinsa ya tsage, bututun hayaƙin ya karkace. Gefensa rami ne cike da allurai, safar hannu da robar ƙarin ruwa, rabinsu a ƙone rabinsu ɗanye, awaki biyu suna kiwo a kai. Wani yaro ya tsinci sirinji yana fesa wa ƙanensa ruwa da shi. Na tambayi leburan da ke kula da wurin, ya ce wata huɗu ke nan ba a ba shi man kunna wuta ba, kwalayen zuba allura kuma sun ƙare tun kafin azumi. Kowa a asibitin nan ya san yadda ake raba shara. Abin da babu shi ne layi guda a cikin kasafin shekara mai cewa ga kuɗin mai, ga na kwali, ga na gyaran murhu. Wanda ke rubuta wannan layi shi ne mai tafiyar da asibitin, kuma kujerarsa nake so ki nema.

Ga batutuwan kundi nan birjik a gabanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti shara ce kamar ta gida, kashi 15 ne mai haɗari. Idan aka haɗa su kwando ɗaya, duka sun zama masu haɗari, kuɗin ƙonawa ya ninka. Ki ɗauki CSI biyar ko shida, ki auna sharar da suke fitarwa da sikeli na tsawon wata guda, ki lissafa abin da rabawa za ta rage. Wannan kundi ne da daraktan lafiya na jiha zai karanta. Ko ki duba ruwan da asibitoci ke amfani da shi. Mu nan ba baƙin wannan magana ba ne: a Tibiri ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fulorayid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa ya ɓata musu haƙora kafin a gano, alhali gwaji ɗaya zai nuna ko ya haura miligiram 1.5 a lita, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha. Ko ki bi sawun kwalarar da ta faɗa wa Madarumfa a 2018, ki ga me asibitocin suka tanada kafin ta zo da abin da suka rasa.

Wajen karatu, ki fara tambaya a tsangayar kimiyyar lafiya ta jami'armu ki ji abin da aka buɗe bana, domin fannonin mastar suna canzawa. A Yamai akwai Jami'ar Abdu Mumuni da cibiyar ISP ta kiwon lafiyar al'umma. A waje, CESAG ta Dakar ta daɗe da suna a tafiyar da ayyukan lafiya, sai cibiyar IRSP ta garin Wida a Benin. Da a ce zuciyarki ta ƙi sai ruwa da tsafta, to makarantar 2iE ta Wagadugu ce, amma can lissafin injiniyoyi za ki tarar.

Abu biyu kada ki biya ko dala sai kin tabbatar da su. Na farko, makarantu masu zaman kansu sun yi yawa, kowace da allonta mai sheƙi. Ki ce a nuna miki takardar amincewar ma'aikatar ilimi mai zurfi a kan wannan mastar ɗin kanta, ba a kan makarantar kawai ba, kuma ki duba ko CAMES, hukumar da ke tantance digirorin jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ta san da ita, idan kina tunanin wata rana ki yi aiki ko digirin dokta a waje. Na biyu, idan ke ma'aikaciyar gwamnati ce, ki nemi takardar izinin ƙaro ilimi daga ma'aikatarku kafin ki tafi. Na ga waɗanda suka yi karatu a ɓoye da dare, suka dawo da takarda mai kyau, aka ce ba za a ƙara musu matsayi ba saboda ba da izini suka je ba. Takardar takan ɗauki watanni tana yawo tsakanin ofisoshi, don haka ki shigar da ita tun yanzu, ki riƙe kwafi mai hatimi a jakarki.