Ka haɗa sakata goma a roba ɗaya, yanzu kana neman riba

Wani ɗan kasuwa mai lasisin cinikin tsofaffin bindigogi ya aiko da tambaya. Ya sayi bindigar Mosin-Nagant guda goma a gwanjo, ya ba ƙaninsa ya wanke masa. Yaron ya kwance su duka rana guda, ya zuba sakatunsu (ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle shi) a roba ɗaya, ya goge katakon da samfefa har yana sheƙi. Yanzu masu saye suna taya masa ƙasa da abin da ya kashe. Wai ko ya ƙara saro wasu ashirin ya mayar da gurbi?

Malam, mayar da kuɗin aljihu tukuna. Kasuwa ba ta yi maka komai ba. Kai ne ka miƙa jarinka ga wanda bai san abin da ake saye a jikin kayan ba, kuma ko layi ɗaya ba ka rubuta ba kafin a kwance.

Wannan bindiga sojan Rasha suka fara riƙe ta a 1891, an ƙera miliyoyi. Ba ƙarancinta ke sa mata daraja ba. Mai tara kayan tarihi lamba yake dubawa: ta jikin bututu, ta sakata, ta murfin gidan harsashi, da ta ƙarfen gindi. In huɗun sun dace, ya buɗe bakin jaka. In sun saɓa, sai ya ce haɗe-haɗe ce, ya taya yadda ya ga dama. Tambarin masana'anta da ke jikin katako kuwa, samfefa ta riga ta cinye shi, ba ya dawowa.

Na taɓa zama da wani da ya yi irin wannan aika-aika da guda shida. Kwana uku muka yi da tocila da gilashin ƙara girma muna mayar wa kowace sakatarta. Biyar suka dace. Ta shidan ya sayar da ita da asara, don yaron shagonsa ya goge lambar wai tsatsa ce.

To kai ma aikin da ke gabanka ke nan. Sayi littafi, kowace bindiga shafinta: lambobi, hoto, halin da cikin bututu yake, abin da ka kashe. Tsohon harsashin soja yana barin gishiri mai jawo tsatsa, don haka haska ciki da kyau. Daskararren giris ɗin ajiya kuwa, ɗumi da tsumma da haƙuri ke fitar da shi. Kuma kada wadda ta bar hannunka sai ƙwararren mai gyara ya auna zaman sakata, domin sakatar wata a jikin wata na iya raunata mai harbi, kuma sunanka ne a takardar ciniki.

Ƙaninka ba mugu ba ne, ya ga datti ya wanke. Zancen ashirin kuma ka dawo mini da shi ranar da ka sayar da goman nan, littafin a hannunka.