Shiga tsohon ramin yumɓu da masana'antar da ta mutu: me ya kamata a sani?

Tambaya: Malam, a bayan gari nan Katsina akwai wani tsohon kamfanin jan bulo da ya daɗe a rufe, da ƙaton ramin da ake haƙo masa yumɓu. Ni da abokaina muna son mu shiga mu ɗauki hotuna da bidiyo. Akwai matsala?

Amsa: Ɗana, sha'awarku mai kyau ce, domin irin waɗannan wurare tarihi ne da ke rushewa ba mai rubuta shi. Amma ku sani, ramin ya fi ginin hatsari nesa ba kusa ba.

Yumɓu ƙasa ce mai shan ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsuke ta tsage. Da rani gaɓar ramin takan dare, wani lokaci har hannu ya shige. Ruwan farko na watan Yuni sai ya bi tsagar ya sauka ciki, ya jiƙa ƙasan ya yi santsi, alhali saman yana nan da tauri. Ka tsaya a baki kana saita waya, ba ka san abin da ke riƙe da kai ya riga ya saki ba. In kuma masu yin tubali sun rarake gindin gaɓar, abin ya ƙara muni. Ƙasa mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi takan haura tan 1 da rabi. Wanda ta rufta masa zuwa ƙirji numfashi ke gagararsa, ko da kansa na waje.

Ruwan da ya kwanta a ciki kuwa, duk Bakatsine ya san halin kududdufi, tun waɗanda aka haƙa don ginin ganuwa da gidaje. Ramin masana'anta ya fi su zurfi, gefensa a tsaye yake, ƙasansa taɓo ne mai riƙe ƙafa. Gwanin iyo ma yakan rasa inda zai dafa ya fito. Ga kuma tsargiya da katantanwar ruwa ke yaɗawa. Kada ku shiga, ko wanke ƙafa ne.

A cikin ginin, ku dubi rufi tukuna. Masana'antun shekarun 1970 da 1980 da yawa da asbestos, wato wani kwanon rufi mai kama da siminti, aka yi musu rufi. In ya farfashe, ƙurarsa na maƙalewa a huhu, cutar kuma sai bayan shekara 20 zuwa 40 take bayyana. Kada ku taka shi, kada ku share, takunkumin yadi ba ya tare ta. Ɗakin gasa bulon ya sha wuta mai zafin kusan digiri 1,000 shekara da shekaru, don haka bakan rufinsa ya gaji. Ku leƙa daga ƙofa kawai. Nan ne ma kububuwa da gamsheƙa ke samun inuwa.

Sai maganar izini. Rufe kamfani ba ya nufin ba shi da mai shi, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta sa abin da ke cikin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya. Tsallaka katanga laifi ne, balle yanzu da 'yan sintiri za su iya ɗaukarku ɓarayin ƙarfe masu sayar wa 'yan jari bola. Ku fara da mai unguwa, shi zai haɗa ku da mai gadi ko masu wurin. Ku roƙe shi ya nemo muku dattijon da ya taɓa aiki a ciki. Shi zai nuna muku inda ake kwaɓa yumɓun, da rumfar shanya ɗanyen bulo, da rijiyar da ciyawa ta rufe wadda ku ba za ku gani ba.

Ku je da hantsi tsakanin Disamba da Fabrairu, da takalmi mai kaurin tafi saboda ƙusa mai tsatsa, ku faɗa a gida lokacin dawowarku. In kuma kuna tunanin ƙarawa gaba zuwa ramukan farar ƙasa na wajen Ƙanƙara, shawarata ku dakata sai mutanen wurin da jami'an tsaro sun tabbatar muku hanya lafiya.