Zaɓen Tsakiyar Wa'adi, Shan Kaye da Larabar Juma'a

Tambaya: Malam, a labaran zaɓen Amurka wasu na cewa "zaɓen tsakiyar wa'adi", wasu kuma "zaɓen rabin zango". Wanne ne daidai?

Amsa: Duka biyun Hausa ce, sai dai ba gidansu ɗaya ba. Wa'adi aro ne daga Larabci, asalinsa alkawari, daga baya ya koma lokacin da aka ɗibar wa abu. Shi ya sa idan mutum ya rasu ake cewa wa'adinsa ya cika. Zango kuwa na fatake ne: inda ayari ke sauke kaya a kwana, da kuma tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Shugaban Amurka shekara 4 aka ɗibar masa. Idan ya ci shekara 2, sai a sake zaɓen dukkan kujeru 435 na Majalisar Wakilai da kusan kashi ɗaya cikin uku na kujeru 100 na Majalisar Dattawa. Ni na fi son wa'adi, tunda lokaci ne da tsarin mulki ya yanka. Wanda ban yarda da shi ba shi ne "zaɓen cike gurbi". Wannan sai kujera ta zama babu kowa, ko an rasu ko an yi murabus.

Tambaya: To yaya za a ce shugaba "ya sha kaye" alhali sunansa ba ya kan takardar ƙuri'a?

Amsa: Kaye maganar 'yan kokawa ce, wato a kai abokin karawa ƙasa. Bahaushe kuma "sha" yake yi wa abin da ya same shi ba da sonsa ba: a sha wuya, a sha duka, a sha rana. A filin kokawa idan aka kayar da yaron gida, ubangidansa ake kallo, shi ne zai sunkuyar da kai ya gyara hula. Haka abin yake a can. A 1994 jam'iyyar Democrat ta Bill Clinton ta rasa kujeru 54 a Majalisar Wakilai, a 2010 ta Barack Obama ta rasa 63. Kuma kayen ba na jin kunya kawai ba ne. Majalisar nan ita ke riƙe da bakin jakar gwamnati, ita ke kiran ministoci bincike, ita ke fara batun tsigewa. Majalisar da Republican ke jagoranta ce ta tuhumi Clinton a Disamban 1998, wadda Democrat ta karɓe a 2018 kuma ta tuhumi Donald Trump a Disamban 2019. Saboda haka 'yan jarida ba su yi wa Hausa laifi ba.

Tambaya: Wani mai sharhi ya kawo "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta" a kan wannan zaɓe. Karin maganar ta zauna?

Amsa: Ta yi daɗin ji, amma an sa ta inda ba wurinta ba. Ma'anarta ita ce farkon abu na nuna ƙarshensa, wannan zaɓe kuwa ba ya nuna komai a kan makomar shugaba, domin kusan kowane shugaba Larabarsa ba ta kyau. Tun daga 1934 sau uku kacal jam'iyya mai mulki ta ƙara kujeru a Majalisar Wakilai: 1934, 1998 da 2002. Waɗanda suka ji haushi su ke sammakon zuwa rumfar zaɓe, magoya bayan shugaba da yawa su yi zamansu a gida. Clinton ya sake cin zaɓe a 1996, Obama a 2012. Trump ne aka kayar a 2018 aka kuma kayar a 2020, shi mai sharhin yake iya kafa hujja da shi. Amma Ronald Reagan, wanda jam'iyyarsa ta rasa kujeru 26 a 1982, jihohi 49 cikin 50 ya kwashe a 1984.