Tambaya da Amsa: Labulen tirelarmu ya mutu, in rina ko in sake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni a Texas nake zaune a Amurka, bara maigidana ya sayi tirelar nan ta tafi-da-gidanka da ake ja da mota, ta hannu ce, akwai gadaje da ɗan kicin da banɗaki a ciki, muna fita da ita da yara in an yi hutu. Komai nata lafiya lau amma labulayen wlh Anti abin kunya, duk sun koɗe, wasu sun yi ɗigo-ɗigon baƙi daga ƙasa ga wani wari kamar na tsohon akwati, na jefa ɗaya a injin wanki ya fito bayansa na zuba kamar garin kwaki. Da muka tambayi kuɗin ɗinka sababbi a nan sai da na riƙe baki. Ina da atamfofi tun na lefe ban taɓa su ba, kuma ina da keke ina ɗan taɓa ɗinki. To in rina tsofaffin ne ko in yanka atamfa? Abin da ya fi damuna da dare in an kunna fitila ana hango mu daga waje, ko ɗankwali ban isa in cire ba. Na gode.
Maman 'yan biyu, Texas

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana 'yan biyu. Kafin komai dan Allah kar ki bari maigida ya kwashe tsofaffin nan ya kai bola, ko da sun zama tsumma, zan gaya miki dalili.

Fara da gwaji. Ki kama labulen ta inda rana ta fi duka, ki sa yatsu ki ɗan ja shi. In kin ji ya yi ƙyat ya yage ba tare da kin sa ƙarfi ba to rana ta riga ta cinye zaren, wannan ko marinar Ƙofar Mata kika kai shi kala kawai zai samu, yadin ya riga ya ruɓe. Shi kuma wanda ya zubar miki da gari a injin wanki, irin mai shafin roba ne a baya, zafi da shekaru ke busar da robar ta dinga marmashewa, ba shi da magani, ki yafe shi.

In kuwa kin ja kin ji da sauran ƙwarinsa sai mu yi maganar rini, amma ki duba irin yadin tukuna. Auduga tana shan rini lafiya lau. Yawancin labulen tirela kuwa poliyesta ne ko haɗi, shi kuma rinin auduga bai kama shi, za ki gama wahalarki ki ɗauraye ki ga ya koma yadda yake. A nan inda kike kamfanin Rit suna da na yadin roba daban, DyeMore sunansa, sai dai shi a tukunya ake yi kan wuta ruwan na dab da tafasa, kuma tukunyar ta tashi daga ta girki har abada. Wani abin kuma, rini bai ɓoye koɗewa, inda ya yi fari zai fito da haske inda bai koɗe ba ya fito da duhu, sai ki ga labule ya yi zebra. Ni dai ban cika ba da shawararsa ba sai in kala mai duhu sosai za a yi.

Baƙin ɗigon nan funfuna ce, kuma ita ce mai warin. Tirela ɗaki ne ɗan ƙarami, ku kwana ku huɗu ko biyar kuna numfashi, ga girki, ga shi gas kansa in yana ci yana fitar da tururin ruwa, da asuba gilas ya yi sanyi sai duk danshin ya taru a kai ya gangaro, gindin labule ya shanye. Ki jiƙa a ruwa da farin khal kamar awa ɗaya, ki wanke da hannu ki shanya a rana. Amma ki ji ni da kyau, kada ki kuskura ki haɗa khal da bilic, hayaƙin da suke fitarwa guba ne, balle a wuri matsattse irin tirela. Sannan ki sa maigida ya duba robar gefen windon, in ruwan sama na shiga ta nan ko sabon labule kika sa wata biyu ya isa ya koma gidan jiya.

To yanzu atamfa. Ni ina goyon baya wlh, tirela mai labulen atamfa a tsakiyar dajin Amurka ai abin kallo ce. A nan ne tsofaffin za su yi miki rana, ki farke ɗaya a hankali ki goge shi ki shimfiɗa kan sabon yadi, kin samu awo kyauta kenan. Abin da ya fi yadin muhimmanci ma su ne 'yan robobin da ke ɗinke a samansa, waɗanda ke gudu cikin siririn ƙarfen da ke jikin bango in an zuge. Kala-kala ne, na wannan tirela ba lallai ya shiga na waccan ba, in kin zubar sai kin sha yawo kafin ki dace da irinsu. Ki cire su ɗaya bayan ɗaya ki tara a gwangwani, ki ƙirga tazarar da ke tsakaninsu ki rubuta. Wasu tirelolin irin su Airstream, masu jikin alminiyam da bango a lanƙwashe, har ƙasa suna da wannan ƙarfen don labule ya bi jikin bango kar ya yi ta lilo, in taku haka take to tsawon sai ya zama cif, in ya gaza bai shiga, in ya yi yawa ya yi tumbi.

Lissafin ba wuya. A ce faɗin windo inci 30 ne tsawo 22, kina son faɗin yadi ya ninka na windon sau ɗaya da rabi don ya yi tattara, inci 45 kenan, kuma faɗin atamfa dama kusan haka yake. Tsawo ki ƙara inci 6 na kalmasa sama da ƙasa ya zama 28. Turmi yadi 6 ne, inci 216, kinga zai ba ki irin wannan windon har bakwai in zanen bai da wuyar haɗawa. Ki wanke atamfar ki goge kafin almakashi ya taɓa ta, auduga tana tsukewa, kar ki gama ɗinki wankin farko ya mayar miki da shi ɗangale.

Sai dai atamfa ita kaɗai ba za ta iya da ranar Texas ba, kuma ba za ta rufa miki asiri da dare ba, in fitila na ciki inuwarki tar za a gani. Dole ki sa mata shafi, ki nemi yadin shafin nan mai hana haske wucewa, ana sayar da shi yadi-yadi a shagunan yadi, ki juya farin gefen ya kalli waje, shi zai sha ranar ya rage zafi atamfarki na ciki abinta. Ki bar labulen ya zarce gefen windo da inci 2 ko 3 kowane ɓangare don ta gefe ake leƙe, ki ɗinka ɗan Velcro, abin nan mai mannewa na takalmin yara, a tsakiya inda labulen hagu da na dama ke haɗuwa. Kar ki wahalar da kanki da maganaɗisu, firam ɗin yawanci alminiyam ne bai kamawa. In kin gama ki kunna duk fitilun, ki tura maigida waje ya zagaya ya gaya miki abin da yake gani, shi ne jarrabawar.

Windo biyu ne ban yarda ki yi musu kwalliya ba. Na kusa da murhun gas, nan labulen yadi haɗari ne, iska ta kaɗa shi kan wuta an shiga uku, ki sa irin na ƙarfe mai falle-falle da ake ja da igiya. Sai windon gudun tsira, za ki gan shi da jan mariƙi yawanci a ɗakin kwana, shi kar ki ɗaure shi kar ki rufe mariƙin, ki yi masa labulen da yaro ma zai iya yayewa da hannu ɗaya. Kuma in za a ɗaura sabon ƙarfe a bango a yi amfani da ramukan da ke nan tun asali da gajerun sukurori, bangon tirela siriri ne ga wayoyin wuta a bayansa, dogon sukuru sai ya ɓulla.

In kun dawo daga tafiya za a ajiye ta watanni, ki cire labulayen ki ninke a cikin gida, ko ki toshe gilasan da takardar nan mai ƙyalli da ake sa wa gilashin mota. Kuma dan Allah ki fara koyo da atamfa mai araha a kan ƙaramin windon banɗaki, kar in ji kin sa wa Super ɗin lefe almakashi tun ranar farko.